Yadda ake duba lafiyar tsohuwar mota kafin saye: misalin Peugeot 504

A tashoshin mota na Maraɗi, Damagaram, Katsina da Garwa, har yanzu akan ci karo da Peugeot 504, wadda direbobi ke kira Fijo, tana lodin fasinja ko buhunan hatsi. Ban da masu neman ta don haya, akwai masu neman ta don sha'awa, su gyara ta su adana, saboda irinta iyayensu suka hau. Ko ma don me mutum yake nema, mota mai shekara 30 ko 40 tana da tsarin dubawa na daban. Fenti da ƙarar inji su ne ke fara ɗaukar hankalin mai saye, kuma su ne suka fi sauƙin gyara. Takardu da gangar jiki su ne ke iya cinye kuɗin mutum ko su raba shi da motar baki ɗaya, kuma ba a ganin aibinsu sai an zauna an karanta, an duƙa an leƙa. Saboda haka dubawar ke farawa daga takarda, ta bi ta ƙarfen jiki, sannan ta iso inji.

Wace mota ce tsohuwa mai daraja

A Faransa, ana iya yi wa mota rajista a matsayin motar tarihi idan ta kai shekara 30, an daina ƙera irinta, kuma ba a sauya mata muhimman sassanta ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ke raba mota mai daraja da akwala. A yankinmu, motocin da suka shiga wannan sahu sun haɗa da Peugeot 404 da ta fito a 1960, da 504, da 505 ta 1979, da Mercedes W123 da aka sayar daga 1976 zuwa tsakiyar shekarun 1980, da kuma Toyota Land Cruiser jerin 40. Yawancin abin da za a faɗa a nan ya shafe su duka, amma an ɗauki 504 a matsayin misali saboda ita ce ta fi yawa a hannun jama'a.

Sanin nau'in motar

An fito da 504 a Faransa a 1968, ta kuma lashe kyautar motar shekara ta Turai a 1969. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana siffarta. Doguwar, wadda ake kira wagon ko familiyal, ta biyo baya a 1971, sai a-kori-kura, wadda a Nijar ake ce wa bashe, a ƙarshen shekarun 1970. An daina ƙera ƙaramar mai ƙofa huɗu a Faransa a 1983, amma masana'antar PAN da ke Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta ci gaba da harhaɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000. An kuma harhaɗa ta a Kenya da Ajantina. Sunan da ta yi na juriya ba a banza ba ne: a 1975 ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka, da na Maroko, da na Bandama a Kodebuwa.

Injinan fetur da aka fi sani su ne mai girman cc 1796 da mai cc 1971. Na gazuwal, ƙirar Indenor, sun zo da cc 1948, 2112 da 2304. Ta ƙasa ma akwai bambanci. Wasu ƙananan, kamar GL da TI na Turai, kowace tayar baya tana motsi ita kaɗai, kuma birkinsu na faifai ne gaba da baya. Doguwar da a-kori-kura suna da aksul guda miƙaƙƙe a baya da birki na ganga. Amfanin sanin wannan shi ne mai saye ya gane ko abin da ke gabansa ya dace da abin da aka rubuta a takarda. Da yawa daga cikin motocin da ke yawo a yau haɗe-haɗe ne: jikin wannan, injin waccan, kujerun wata.

Inda mota ta zauna, nan ciwonta yake

Kafin a taɓa motar, a tambayi inda ta yi rayuwarta. Wadda ta daɗe a Turai ta sha gishirin da ake zuba wa hanyoyi lokacin ƙanƙara. Wadda ta zauna a Kwatano, Lome, Legas ko Duwala ta sha laima da iskar teku. Waɗannan biyun tsatsa ce babbar matsalarsu. Wadda ta yi zamanta a Sahel kuwa, sau da yawa ƙarfenta ya tsira daga tsatsa, sai dai rana ta ƙona robobi da wayoyi, ƙura ta cinye cikin inji, lodi da gargadar hanyar burji sun gajiyar da jiki har ya tsattsage. A shekarun 1970 da 1980, Turawa da dama sun riƙa ratso Sahara da 404 da 504 ta Tamanrasset, In Gezam, Asamaka da Arlit, su sayar a Agadas ko su wuce kudu. Motar da ta shigo ta wannan hanya kuma ta yi shekaru tana haya, ba tsatsa kaɗai za a nema a jikinta ba, har da tsaga da tsohuwar walda.

Takardu da lambobi

Ba a cinikin biri a sama. Hoto a waya ko shaidar dillali ba su isa a ba da kafin alƙalami ba. Da an isa wurin motar, a fara karɓar takardar mallaka, wato carte grise a ƙasashen da ke amfani da Faransanci, tare da takardar duwan ko kwastan idan motar shigo da ita aka yi, da inshora, da takardar gwajin lafiyar mota ta ƙarshe.

Daga nan a buɗe bonet a nemi farantin kamfani da lambar shasi da aka buga a jikin ƙarfe, a gwada su da ta takarda harafi bayan harafi. Motocin da aka ƙera daga farkon shekarun 1980 galibi suna da lamba mai haruffa da alƙaluma 17, waɗanda suka girme su kuwa lambarsu ta fi gajarta. A lura da wurin da lambar take. Idan an ga alamar gurza, ko walda ta zagaye ta, ko sabon fenti a wurin kaɗai, ko ƙusoshin farantin sun fi na kewaye sabunta, to a dakata. Motar da aka sauya wa lamba tana iya zama ta sata, kuma ranar da aka kama ta a shinge, mai ita na lokacin ne zai amsa tambaya.

Idan sunan da ke takarda ba na mai sayarwa ba ne, a nemi takardun cinikin da suka haɗa shi da mai sunan. Idan motar gado ce, wanda hakan ya zama ruwan dare a irin waɗannan motoci, a tabbatar magada sun amince a rubuce. Mai niyyar tsallaka iyaka da ita ya tambayi ofishin duwan abin da zai biya tun kafin ya saya.

Gangar jiki

Ƙaramar 504 da doguwar ba su da shasi na daban kamar Land Cruiser. Jikin ne da kansa ke ɗauke da inji, ƙafafu da lodi. Idan ya ruɓe ko ya karkace, motar ta rasa ƙashin bayanta, kuma gyaransa ya fi gyaran inji tsada da wahalar samun gwani.

A duba motar da rana, a fili, tana a bushe kuma a wanke. Ruwa da hasken fitila suna ɓoye lotsawa. A tsaya a gaba a kalli gefenta a tsaye, daga fitila zuwa fitila. Inda haske ya yi lanƙwasa, akwai gyara a wurin. A duba ratar da ke tsakanin ƙofofi da jiki, da ta bonet da but. Idan ta yi faɗi a sama ta matse a ƙasa, ko ƙofa ba ta rufuwa sai an ɗaga ta, ko dai motar ta taɓa yin hatsari ko jikin ya saki saboda lodi.

A zo da ƙaramin maganaɗisu a naɗe shi da ƙyalle, a bi da shi ƙasan ƙofofi, bakin tayoyi da dokin ƙofa. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya saki, an cike wurin da mastik an shafe da fenti. Ɗan mastik kaɗan ba abin damuwa ba ne a mota mai wannan shekaru, amma idan ya mamaye dokin ƙofa, to rami aka toshe.

Wuraren da tsatsa ta fi kamawa su ne ƙasan ƙofofi, dokin ƙofa, daɓen da ke ƙarƙashin ƙafar direba da fasinja, kewayen gilashin gaba da na baya, daɓen but, da wurin da ake rataye tayar safiya a ƙarƙashin baya. A ɗaga tabarmar ƙasa da hannu, kada a yarda da cewa a manne take. A cikin ɗakin inji, a duba kawunan da ƙafafun gaba suke ɗaure a jiki, hagu da dama. Tsaga ko faci a nan babban aibi ne, domin wurin ne ke karɓar duk dukan da hanya ke yi wa motar.

Sai a kai ta kan rami ko a ɗaga ta. A bi dogayen ƙarafan ƙasa da tocila, ana ƙwanƙwasawa da bakin sukundireba. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa yana lotsawa ko ya zubo gari. A yi hattara da sabon baƙin kwalta da aka shafa a ƙasa kwanan nan. A doguwar da ta yi haya, a ƙara duba inda sifirin na baya suke zaune da ginshiƙan rufi, musamman idan an taɓa ɗora mata kariya ta kaya a sama.

Inji

A gaya wa mai mota tun da wuri kada ya tayar da ita kafin a zo. A taɓa injin da hannu a tabbatar da sanyi yake, domin inji mai ɗumi yana ɓoye wahalar tashi, ƙara da hayaƙi.

Kafin a murza makulli, a zaro sandar awon baƙin mai, a kuma buɗe murfin zuba shi. Idan an ga abu fari-fari mai kauri kamar kindirmo, ruwa na haɗuwa da mai. A buɗe lagireto, idan injin da sanyi, a ga ko mai na yawo a saman ruwan, ko ruwan ya yi ja saboda tsatsa. Wannan gwaji yana da muhimmanci a 504 saboda yadda aka gina injinta. Bututun da fistan ke kai da komo a cikinsu ana iya zare su, kuma ruwan sanyaya inji yana taɓa su kai tsaye. Kan injin kuma na alminiyam ne, jikin na baƙin ƙarfe. Wannan tsari ya sa ana iya sabunta injin sau da yawa, shi ya sa ya daɗe a hannun makanikai. Amma idan ya taɓa yin zafi fiye da kima, kan na iya karkacewa, ko abin da ke toshe gindin bututun ya saki, ruwa ya gangara cikin mai. Injin gazuwal na Indenor ma ba ya jure zafi, kansa na iya tsagewa.

A tambaya ko an cire abin da ke daidaita zafin ruwa, kamar yadda makanikai da dama ke yi a ƙasashe masu zafi. Cire shi yakan ɓoye toshewar lagireto ne kawai. Haka kuma shekaru na zuba ruwan rijiya zalla suna cin alminiyam daga ciki.

Idan an tayar, a sa mutum ɗaya ya tsaya a bayan salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alamar inji na ƙona baƙin mai ne, zobban fistan sun gaji. Farin hayaƙin da bai ɗauke ba bayan inji ya ɗumama alamar ruwa ne. Baƙi kuwa mai ne ya yi yawa, wanda sau da yawa gyaran kafireto ko famfon gazuwal ke magancewa. Fitilar mai ta mutu nan take bayan tashi. Idan ta jinkirta, ko tana ƙyaftawa bayan inji ya yi zafi, cikin injin ya sassauta. Ƴar ƙarar ƙyas-ƙyas daga sama abu ne da ake daidaitawa. Kwaramniya daga gaba sarƙar inji ce ta saki. Bugu mai nauyi daga ƙasa kuwa yana nufin sai an sauke injin.

Wanda ke son tabbaci ya sa bakanike ya auna matsin kowace silinda. Abin da ake nema shi ne huɗun su zo kusa da juna, bambancinsu kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Launin fulogi ma shaida ne: ruwan ƙasa mai haske lafiya, baƙi mai maiƙo matsala.

Idan an sauya injin, a san da wanne. Na fetur mai cc 1971 da ke cikin wasu 505 ɗan gida ɗaya ne da na 504, don haka ba ya buƙatar yanke-yanke. Injin wani kamfani daban kuwa yakan sa a yanka jiki a yi walda, kuma yana zubar da darajar motar a wurin mai neman ta asali, ko da tana gudu lafiya.

Giya, ƙafafu da birki

A ƙaramar da doguwar, sandar da ke kai ƙarfi zuwa baya tana cikin wani bututu ne a rufe, ba a ganinta daga waje. Saboda haka kunne ne zai yi aiki: ƙugi ko rawa da ke ƙaruwa da gudu na iya fitowa daga nan ko daga aksul ɗin baya. A duba yoyon mai a giya da aksul. Ɗan damshi abu ne da aka saba gani, ɗiga a ƙasa kuwa gyara ne.

A danna kowace kusurwar motar da ƙarfi a saki. Idan ta yi lilo fiye da sau ɗaya, shokozoba ya mutu. A ɗaga taya a girgiza ta sama da ƙasa, hagu da dama, a ji ko akwai wasa. A duba yadda tayoyin gaba suka ci. Idan gefe ɗaya ya fi cinyewa, ko dai saiti ne ko kuma jiki ya karkace. A gefen kowace taya akwai alƙaluma huɗu da ke nuna mako da shekarar ƙira: 2318 na nufin mako na 23 na 2018. Mai alƙaluma uku an yi ta ne kafin 2000. Tsohuwar taya, ko da zanenta bai goge ba, tana iya fashewa a kwalta mai zafi.

A taka birki a riƙe na rabin minti. Idan ƙafa na nutsewa a hankali, akwai yoyo a ciki. Motar da ta daɗe a ajiye, a ɗauka cewa robobin birkinta da man birkin duk sai an sauya, ko da mai ita ya ce lafiyarsu ƙalau.

Wuta da cikin mota

A leƙa ƙarƙashin dashbod. Wayoyin da aka yanka aka murɗe da hannu aka naɗe da leda, ko fis da aka maye gurbinsa da guntun waya, su ne ke jawo gobara. A gwada kowace fitila, hon, abin share gilashi da agogon zafi. Alƙalamin kilomita ba abin dogaro ba ne, domin a yawancin motocin wancan zamani yana komawa sifili bayan 99,999, kuma da yawa sun daɗe da tsayawa. Gogewar robar feda, santsin sitiyari da lotsawar kujerar direba sun fi shi faɗin gaskiya.

Kayan inji da na ƙafafu ba su da wuyar samu a kasuwanni irin su Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, ko wurin masu fasa tsofaffin motoci. Abin da ke wahala shi ne dashbod marar tsaga, fitilun asali, bamba, ƙarafan ado da robobin gilashi. Motar da ta zo da waɗannan cikakku ta fi wadda aka yi wa sabon fenti amma an rasa rabinsu.

Gwajin tuƙi

A tuƙa ta aƙalla minti 20 zuwa 30, a kwalta da hanyar burji, rediyo a kashe. A shiga kowace giya har da ta baya. Idan giya na fita da kanta lokacin da aka ɗaga ƙafa daga totur, cikinta ya gaji. A saka giya ta sama a ƙaramin gudu a taka totur sosai: idan ƙarar inji ta tashi amma gudun bai ƙaru ba, kuloci na zamewa. A hanya miƙaƙƙiya marar cunkoso, a sassauta riƙon sitiyari a ga ko tana ja gefe, sannan a taka birki a sake lura. Bayan an dawo, a bar ta tana aiki a tsaye na minti goma ana kallon agogon zafi, sannan a kashe, a jira kaɗan, a sake tayarwa. Daga ƙarshe a matsar da ita a duba abin da ta ɗiga a ƙasa.

Lissafi kafin ciniki

A zo da bakanike da mai gyaran jiki na kai, waɗanda ba su da rabo a la'adar dillali, a biya su kuɗin aikinsu ko an saya ko ba a saya ba. A rubuta duk abin da suka gano a kasa shi uku. Kashi na farko shi ne gyaran yau da kullum: tayoyi, batir, birki, shokozoba, robobi. Na biyu shi ne babban aiki mai sanannen farashi, kamar sabunta inji, giya ko wayoyin mota gaba ɗaya. Waɗannan biyun ana cire kuɗinsu daga farashi a ci gaba da ciniki. Na uku shi ne wanda ba a ciniki a kansa: lambar shasi da aka taɓa, takardun da ba su dace ba, rigimar gado, jikin da ya karkace ko ya ruɓe a inda ƙafafu suke ɗaure. Araha ba ta ado, kuma motar da ke cikin wannan kashi tsada ce ko nawa aka sallama.

Idan an daidaita, a rubuta takardar ciniki mai ɗauke da lambar shasi, lambar inji, farashi da kwanan wata, shaidu biyu su sa hannu, sannan a gaggauta mayar da takardar mallaka zuwa sunan sabon mai ita kafin a kashe ko dala ɗaya a gyara.